Inda Tuwon Dada Zai Isa da Zafi

Duk unguwar Hausare a Garwa babu wanda bai san dokar Dada Aminatu ba, don ba ɓoye ta take yi ba. Ba ta aurar da 'ya inda tuwonta ba zai isa da zafi ba.

Kuma ba maganar fatar baki ba ce. Kowace Juma'a da hantsi sai ta tuƙa tuwon masara, ta kaɗa miyar yakuwa da kifin Binuwai, ta zuba a kwanukan samira, ta naɗe da zani, ta ba mai babur. Ɗauri ɗaya ya tafi unguwar Lopere gidan 'yarta ta tsakiya, ɗaya ya kama hanyar Marwa ya sauka a Pitowa gidan autarta. In mai babur ya dawo, kafin ya rufe baki daga sallama ta jefa masa tambayar da ya riga ya haddace, ko ya isa da zafi. Ranar da taya ta fashe a hanya tuwo ya huce, wuni ta yi ba ta kula kowa ba.

Sadiƙa jikarta ce, ita ta raine ta tun tana tsumman goyo, ita kaɗai kuma ta rage mata a gida. Ta yi karatunta ta gama, tana aiki a wani famasi kusa da babbar kasuwa, ba ta taɓa sa tsohuwar surutu ba. Sai ga shi da zuciyarta ta tashi zaɓe, ta tsallake samarin Garwa kaf, ta je ta ɗauko Ziyad, injiniyan turakun waya wanda aiki ya kawo arewa na ɗan lokaci. Gidansu kuwa yana unguwar Brikiteri a tsakiyar Yawunde.

Iyayen Ziyad sun aiko da magana, aka ce su dakata tukuna, kuma kowa ya san ma'anar wannan dakatawar. Mahaifin Sadiƙa yana can Maiganga da iyalinsa, tuntuni ya ce maganar aurenta tana hannun wadda ta sha wahalarta. Kawu Hamadu kuwa, babban ɗan Dada, ya riga ya tsayar da nasa gwanin, wato Hashim na Pitowa mai manyan motocin ɗaukar auduga. Tsakani da Allah Hashim ba shi da aibu, mutum ne mai kunya, hannunsa a buɗe. Laifinsa ɗaya a wurin Sadiƙa shi ne ba Ziyad ba ne.

Wata Juma'a tana riƙe wa Dada tukunya ana tuƙi, hawaye suka ƙwace mata. Ta ɗora wa hayaƙi laifi, alhali itacen a bushe yake ƙamas.

"Share idonki, kar ki zuba min gishiri a tuwo," in ji Dada, ba tare da ta dube ta ba.

"Dada, me Ziyad ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba. Yaron kirki ne, tun daga zaure yake cire takalmi."

"To don me?"

Dada ta jingine muciya a bakin tukunya, ta ja kujerarta ta zauna. Abin da ba ta taɓa yi ba ke nan, ta bar tuwo a tsakiyar tuƙi.

Sadiƙa ta san mahaifiyarta Nafisatu ta rasu wajen haihuwarta a Maiganga, iyakar abin da ta sani ke nan, don ba a tada maganar a gidan. Ranar Dada ta buɗe mata sauran. Naƙuda ce ta zo wa Nafisatu kafin lokaci, tun ba a je an ɗauko ta wankan gida ba. Aka bugo waya kasuwa, labari ya iso. Dada ta ƙulle garin kunun kanwa da yaji da zanen goyo, ta shiga mota. Damina ce, hanyar da ke bayan Gaundare kuwa a wancan zamanin laka ce zalla, manyan motoci sun kafe sun toshe ta. Kwana biyu ta yi a hanya da ƙunshinta a cinya.

"Da na isa ƙofar gidan, tabarmi na tarar a shimfiɗe, maza na zaune," ta ce. "Ban wanke ta ba, Sadiƙa. Ban ga fuskarta ba. Wasu mata da ko sunansu ban sani ba su suka yi wa 'yata sutura. Ni dai ke aka miƙo min. A ƙofar nan na yi wa kaina alkawari ba zan sake ba da 'ya nesa ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu."

Sadiƙa ta durƙusa ta kifa kanta a cinyar kakarta tana kuka mai cin rai. Tausayin tsohuwar ya cika ta, ga son Ziyad bai ragu ko ƙwayar zarra ba, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Dada, wallahi ni ma ba na son in yi nisa da ke," ta ce da ƙyar. "In kika ce Hashim, zan bi, ba zan ba ki kunya ba. Tuwonki zai riƙa iso min da zafinsa. Ni ce dai ba zan iya haɗiye shi ba."

Dada ta shafa kan Sadiƙa, ta miƙe ta koma kan muciya. Tuwon ranar ya yi gudaji, kuma babu wanda ya isa ya faɗa.

Bayan 'yan kwanaki Ziyad ya zo gaisuwa da la'asar, ya tarar da Kawu Hamadu a tsakar gida yana shan shayi. Sadiƙa na ɗaki, kunnenta manne da labule. Bayan an gaisa Ziyad ya sunkuyar da kai, ya nemi izinin magana.

Ya ce ya ji dokar Dada, kuma bai zo jayayya da ita ba. Abin da yake roƙo kawai a auna Yawunde da ma'aunin da aka auna Pitowa. Gaskiya ne in ta ƙasa za a bi tafiyar ta haura kilomita dubu, mutum sai ya kwana a hanya. Amma ta sama ɗari shida ce da wani abu, daga filin jirgin Garwa zuwa na Yawunde awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Ya ce sau da yawa wanda ya zauna a tasha yana jiran motar Pitowa ta cika, na cikin jirgi zai riga shi sauka.

Kawu Hamadu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Ganin Dala ba shiga birni ba ne, ɗan samari. Ka lissafa tashi da sauka, ka manta da zaman jira, ka manta filin naku yana can bayan gari. Ni na sha hawa jirgin nan. In suka ce maka retar, wato jirgi ya makara, to ka nemi tabarma."

"Haka ne, Kawu," in ji Ziyad. "Amma a gwada. Dada ta tuƙa ranar Juma'a, ni zan ɗauka in kai wa Hajiyarmu, in ya huce na haƙura."

Sadiƙa ta damƙe labulen. Ta so ta fito ta toshe masa baki.

Dada ta daɗe tana jan carbi kafin ta ɗago.

"Tuwona ba ya tafiya da baƙo. Kuma ba na auna zafi da bakin wani. In za a gwada, ni zan kai shi da hannuna."

Wannan fa matar da Kawu Hamadu ya yi ta lallaɓa shekara da shekaru ta je aikin Hajji ce, tana cewa sai ta aurar da Sadiƙa, alhali kowa ya san tsoron jirgi ne. Ko ƙarar jirgi ta ji ya gifta saman unguwa sai ta yi salati ta koma ɗaki.

Kawu ya ga abin na neman ƙwace masa, sai ya kafa nasa sharaɗin. Ba zubawa a kula, ba wani mazubi na zamani mai riƙe zafi. Kwanon samirar da ake kaiwa Pitowa shi za a kai Yawunde, kuma ba za a buɗe ba sai a cikin gidan da yarinya za ta zauna. Dada ta ce adalci ke nan. Sannan ta ɗaga murya ta kira Sadiƙa, ta tambaye ta a gaban kowa ko ta yarda in tuwo ya huce magana ta mutu.

Sadiƙa ta dubi Ziyad, ya gyaɗa mata kai a hankali. Ta ce ta yarda.

Ranar Juma'ar, Dada ta yi asuba, ta hura wuta da kanta. Ziyad ya so a jinkirta tuƙin har dab da fita, amma shi kansa sai da safen ya tuna ana son fasinja ya isa filin jirgi tun da sauran lokaci. Aka kwashe tuwo yana tiriri, malmala uku a kwano ɗaya, miya a ƙaramin kwano. Dada ta shiga ɗaki ta buɗe ƙasan adakarta, ta fito da wani tsohon zane saƙi, baƙi mai ratsin fari, wanda Sadiƙa ba ta taɓa gani ba. Da shi ta naɗe kwanon tuwon, ta ƙulle tam.

Hashim ne ya kai su filin jirgi, haka Kawu ya tsara. Garin ya ɗau zafi tun da safe, irin zafin da ke zuwa gaban hadari, amma ya kashe na'urar sanyin motarsa, ya yi ta zufa har suka isa. Da Sadiƙa ta dube shi, sai ya ce ba ya so gobe a ce shi ya sa tuwon ya huce. Ya sauke musu jaka, ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ta ji kunyarsa ƙwarai, ta yi masa godiya har zuciyarta.

A wurin bincike suka haɗu da wata ma'aikaciya, an rubuta Arlette a ƙirjin rigarta. Ta kwance ƙaramin kwanon ta leƙa, ta girgiza kai.

"Mama, miya ba ya shiga ciki. Ruwa ne, sai ƙasa da bagaj, wurin kaya."

"Miyar da cokali ke tsayawa a cikinta ita ce ruwa?" in ji Dada. "Ke wa ya koya miki girki?"

Arlette ta yi dariya, amma doka doka ce. Aka ɗaure miya a leda, aka cusa ta cikin jakar Ziyad, ta bi kaya. Da aka zo kan tuwo Sadiƙa ta raɗa mata labarin a taƙaice da Faransanci. Nan take matar ta fasa kwance zanen, ta tura kwanon cikin na'ura a naɗensa, ta zaga da sauri ta ɗauko shi da hannu biyu ta miƙa wa Dada.

"Riƙe da kyau, Mama, kar iska ya taɓa. Kar ku zauna kusa da klim."

Suka nemi kujerar da ta fi nisa da na'urar sanyin suka zauna. Lokacin tashi ya yi, ya wuce, babu jirgi babu alamarsa. Can wata murya ta sanar cewa ana ruwa da iska mai ƙarfi a Yawunde, jirgin da zai zo ya ɗauke su bai samu tashi ba.

Ruwan sama dai, shi ne kuma yau. Sadiƙa ta saci kallon Dada, ta ga tsohuwar ta ƙura wa bango ido, leɓɓanta na motsi.

Ziyad ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je wajen ma'aikata ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, amsar ɗaya ce, a yi haƙuri. Duk lissafin da ya yi a gaban Kawu ya rushe, har ya kasa haɗa ido da kowa. Daga baya ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da Sadiƙa.

"Ni na jawo mana," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ɗora aurenmu a kan abin da ba ni da iko da shi. Ki yafe min."

"Da ba ka yi magana ba, da yanzu ana kai kayana Pitowa," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Ko ba komai ka sa Dada ta fito. In ya huce, ka sani ban daina son ka ba, alkawari ne kawai zan cika."

Wayar Dada ta yi ƙara, Kawu Hamadu ne. Har daga inda take Sadiƙa na jiyo muryarsa yana cewa ai dama ya faɗa, su fito kawai, motar Hashim na nan a waje ba ta tafi ba. Dada ta ce ba ta yi sallama da gida don ta juya daga filin jirgi ba, ta kashe wayar.

Da azahar ta yi Dada za ta tashi salla, sai Sadiƙa ta lura da abin da ba ta lura da shi ba tun safe. Ashe kwanon ba a kan cinya kawai yake ba. Dada ta cusa shi ƙarƙashin mayafinta, ta manna shi da cikinta, ta rungume da hannu biyu, zufa na tsattsafo mata a goshi amma ba ta sassauta ba.

"Karɓi," ta ce. "Ki sa shi a jikinki, kar ki ajiye min shi a kan ƙarfen nan."

Sadiƙa ta karɓa ta rungume. Gefen kwanon ya fara hucewa, ta ji haka ta cikin zanen, amma wani daɗi ya ratsa ta duk da haka. Wanda ke son tuwo ya huce ba ya ɓoye shi a cikin mayafi.

Sai bayan azahar sosai jirgin ya iso. Wajen hawa matakala Dada ta karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Aka ba ta kujerar taga ta ɓangaren hagu, Sadiƙa a gefenta, Ziyad a bayansu. Ma'aikaciyar jirgi ta so a ɗora kwanon a ma'ajiyar sama, kallo ɗaya Dada ta yi mata ta wuce abinta. Da jirgin ya zabura a guje ya ɗaga hanci, ta damƙe hannun Sadiƙa har sai da zobe ya shige mata fata, idonta a rufe gam.

Can da komai ya lafa ta buɗe ido ɗaya, ta leƙa. Binuwai da gadarta da duk Garwa sun ɓace, sai gajimare fari tas a shimfiɗe a ƙasansu. Ta ce ikon Allah, yau ga Aminatu a saman hadari. Aka kawo lemo ta ƙi karɓa, wai hannunta ba ya da sarari.

Ba a jima ba Ziyad ya leƙo ta tsakanin kujeru ya ce sun wuce daidai Gaundare. Sannan ya ƙara da cewa can gabas, bayan gajimaren nan, Maiganga take.

Dada ta manna goshinta da gilashin. Babu abin da ake gani sai fari.

"Yanzu-yanzu muka tashi fa," ta ce.

"Bai fi rabin awa ba, Dada."

Sadiƙa ta ga kafaɗunta na rawa, hawaye na ɗiga a kan baƙin zanen da ke naɗe da kwanon. Ta rungumo ta, ita ma tana kuka, ba ta damu da fasinjojin da ke waiwayowa ba.

"Zanen nan shi na ɗauka zan kai wa uwarki ta goya ki," in ji Dada bayan ta share fuska. "Da shi na goyo ki na dawo da ke Garwa. Tun ranar bai sake fita ba."

Suka sauka ana yayyafi. Maganar Kawu ba ta faɗi ƙasa ba, filin jirgin can bayan gari yake, ga ruwa ya tara motoci a hanya sun yi cirko-cirko. Mahaifiyar Ziyad, Hajiya Rakiya, da ta ji labarin jinkirin ba ta iya zama a gida ba, ta taho filin da kanta da lema a hannu. Bayan sun gaisa ta roƙi Dada a buɗe kwanon nan cikin mota, tunda ai an iso Yawunde. Dada ta ce ba a buɗe tuwonta a titi, sharaɗi sharaɗi ne.

Haka suka yi ta rarrafe cikin cunkoso, hawa da gangara, Sadiƙa na ƙirga kowace tsayawa a zuciyarta. Sanyin garin kansa ya zame mata abokin gaba. Ta cire nata mayafin na sama ta ƙara lulluɓa wa Dada a cinya, Hajiya Rakiya ma ta miƙo nata ba tare da ta ce komai ba.

La'asar ta yi sanyi sa'ad da suka shiga Brikiteri, ƙamshin suya na tashi ta ko'ina, ana ta Hausa a titi kamar ba a bar gida ba. Aka shimfiɗa wa Dada darduma a falon Hajiya. Ta ƙi ruwa, ta ƙi lemo, ta ce a kawo mata na wanke hannu kawai. Ziyad ya fito da miya daga jaka ta yi sanyi ƙalau, man ya daskare a sama, amma ba wanda ya bi ta kanta.

Dada ta kwance ƙullin zanen a hankali, ta ɗaga murfi. Babu tiriri ko kaɗan.

Ta taɓa saman tuwon, ta ɗauke malmala biyu ta ajiye gefe, ta raba ta ƙasan biyu, ta nutsa yatsa a tsakiyarta. Ta daɗe a haka. Sannan ta tura wa Hajiya Rakiya kwanon ta ce ita ma ta taɓa, ta faɗi tsakaninta da Allah.

Hajiya ta taɓa, ta dubi ɗanta, idonta ya cika da ƙwalla.

"Da ɗan ɗumi a can tsakiya," ta ce. "Amma ba zan ce miki zafi ba, Dada."

Ziyad ya sunkuyar da kai. Sadiƙa ta zauna a ƙasa ta toshe bakinta da hannu don kar kukan ya fito a gidan mutane. Wayar Dada ta sake ƙara. Ta miƙa wa Ziyad ta ce ya buɗe muryar kowa ya ji.

"Dada, kun isa? Yaya tuwon?" in ji Kawu Hamadu.

"Ya huce, Hamadu."

"To alhamdulillahi, magana ta ƙare ke nan. Bari in kira Hashim."

"Ban gama ba." Ta juya ta dubi taga, inda rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari, ja-ja-wur a kan rufin kwanon maƙwabta. "Yau komai ya haɗu mana. An yi ruwa, jirgi ya makara, hanya ta toshe. Ranar da ta fi kowace lalacewa ke nan, amma a ɗakina na yi asuba, ga ni a ɗakin da yarinyar nan za ta zauna rana ba ta faɗi ba. Da haka na samu a wancan karon, da na wanke 'yata da hannuna."

Nafisatu ƙanwar Kawu ce, shi ya karɓi wayar a kasuwa ranar.

"Amma dokar taki fa, Dada?" ya ce, muryarsa ta yi laushi.

"Ni na kafa ta, ni na san abin da nake tsoro da na kafa ta. Ka je da kanka ka ba Hashim haƙuri, yaron kirki ne, Allah ya ba shi wadda ta fi. Sannan ka sa a wanke tabarmi, mutanen Yawunde na zuwa."

Kukan da Sadiƙa ke dannewa ya ƙwace, ta rarrafa ta faɗa jikin kakarta. Wannan karon na murna ne, har tana dariya a cikinsa. Ziyad ya durƙusa yana ta godiya, Hausa ta ƙare masa ya koma Fulatanci, yana useko, useko, hawaye a fuskarsa ba ya ko ɓoyewa. Dada ta ce ya tashi haka nan, injiniyan da ya iya lissafin sama ya manta da na ƙasa.

Ta ɗauki baƙin zanen ta kakkaɓe, ta ninke shi da kyau, ta ɗora a hannun Hajiya Rakiya.

"Ajiye min wannan a wurinki. In lokacinsa ya yi, ba na so in tsaya neman kaya, jirgi kawai zan nema."

Hajiya ta karɓa da hannu biyu ta rungume a ƙirji. Ta kwashi kwanukan ta nufi madafa, ba a jima ba ƙamshin ɗumame da miyar yakuwa ya cika gidan.

Dada ta yi alwala ta fito tana gyara mayafi, ta tsaya a tsakiyar falon tana dube-dube, ga lokacin la'asar na neman ƙurewa.

"Ziyad, ina gabas a gidan nan?" ta ce. "Nuna min in riƙe tun yanzu, kar in riƙa tambaya duk zuwa."